Ubale Baduku da Kalkuleta Mai Cin Rana

Duk wanda ya zauna a Dangora a shekarun can baya, in dai ya taɓa mallakar rediyo, to ya san Ubale Baduku. Rumfarsa na nan bakin kasuwa, tun daga nesa za ka jiyo warin sabuwar fata. Ubansa da kakansa kube suka ɗinka wa wuƙa da gafaka ga malamai. Shi kuwa da ya taso sai ya tarar da rediyo ya cika gari, ya ce ai wannan ma yana son sutura. Yakan ɗinka masa riga ta jar fata, ya huda ƙananan ramuka daidai inda murya ke fita, ya sa maɗauri na ratayawa. Fulanin da ke zaune wajen Yako kan wuce dukawa biyu a hanya su zo wurinsa, don an san ɗinkin Ubale sai dai fata ta mutu ta bar zare.

Katangarmu ɗaya da gidansa, shi ya sa na san abin da masu rediyo ba su sani ba. Ubale bai yarda akwai abin da zai daɗe a duniya tsirara ba. Tocilarsa da riga, fulas ɗin shayinsa da riga, har famfon kekensa. Matarsa Laraba takan ce ita ba ta daɗe a zaune wuri ɗaya, don in ta yi shiru zai ɗauko zare ya gwada ta.

Amma ba wannan ne ke sa mutum ya ji kamar ya cire hula ya buga da ƙasa ba. Ubale ba ya musu. Ka zauna ka yi masa bayani tun daga tushe, zai sunkuyar da kai yana jan zare, yana cewa, "Haka ne. Ƙwarai kuwa, haka ne." Ka tashi zuciyarka fari tas. Gobe in ka dawo, abin da ya yi niyya tun farko shi ya yi, bai rage ko ɗinki ɗaya ba.

'Ya'yansa bakwai, Hajara ce auta, ita kaɗai ce kuma ta kai ƙarshen sakandare. Da ta yi jarrabawar fita a casa'in da shida, ta ci komai ban da lissafi. Makarantar koyon aikin lafiya da take nema a Kano suka ce ta je ta dawo da kiredit a lissafi. Shugabar makarantarsu ta yi mata alfarma ta sake zama tare da 'yan ajin da ke bayanta, ta kuma gaya mata a gaban uwarta cewa wannan alfarma sau ɗaya ake yinta. Kenan shekara guda Hajara ta yi tana jiran takarda ɗaya tak, ta awa biyu da rabi.

A shekarar sai Malam Jibrin, mai koya musu lissafi, ya ce musu za a bar su su shiga da kalkuleta. A bara littafin jadawalin lambobi suka yi ta buɗawa, nan ne kuma lokaci ya cinye Hajara. Malam Jibrin ya san iyayen ɗalibansa, don haka bai tsaya ga faɗa da baki ba. Ya yagi takarda ya zana wa kowace yarinya hoton irin wanda za a saya, da maɓallai uku da ya zagaye da jan biro: sin, cos, tan. Ya ce in babu waɗannan ukun, ko kyauta aka ba su kada su karɓa.

Ranar kasuwar Tudun Wada, Hajara ta miƙa wa ubanta takardar hannu biyu.

"Baba, ko in bi ka ne? Na san shi in na gani."

"Auta, shekara arba'in ina zaɓen fata a kasuwar nan, ba a taɓa sa min mai huji ba. Ɗan wannan abin ne zai gagare ni?"

"To ka nuna wa mai kayan takardar."

"Haka ne," in ji Ubale, ya ninke ta ya cusa cikin hula.

Da la'asar ya dawo da wani abu naɗe a buhun siminti. Da aka buɗe sai ga kalkuleta kusan faɗin allon karatu, maɓallansa manya-manya kamar ƙosai, kowanne ka danna sai ya yi ƙara. Irin na masu manyan shaguna ne, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, shi ke nan.

Hajara ta juya shi gaba da baya. "Baba, ina takardar?"

Ya taɓa hula. Tana nan yadda ya sa ta.

"Na ga irin wanda malaminku ya zana," ya ce. "Ba nauyi. Na ɗaga shi kamar na ɗaga ganye. Wannan kuwa ji," ya ƙwanƙwasa bayansa da farce. "Abu mai jiki. Kuma yana amsawa in an taɓa shi."

Laraba na tankaɗe a bakin murhu, ba ta ko ɗago ba. "Malam, an aike ka allura ka dawo da galma."

"Galma ba ta fi allura daɗewa ba?"

"Sai ka ɗinka riga da ita mu gani."

Aka jira mako ya zagayo. Saura kwana goma sha ɗaya jarrabawa ya koma wurin Zailani, mai teburin agogo da batir da ya sayar masa. Wannan karon ya fito da takardar, don Laraba ta ɗaure masa ita a hannun keke da zare. Zailani ya duba zanen ya yi dariya.

"Baba, ai wannan na nuna maka wancan makon ka ce na yara ne."

"To na yara ake so."

Zailani ya jera masa guda biyu, dukansu da maɓallan nan uku. Ya ce ɗaya batir yake ci, ɗaya kuwa rana. Ubale ya ajiye na farko nan take. Ya sha ganin yadda batir ke yin ruwa a cikin rediyo ya cinye masa fata mai kyau, tsakaninsa da batir babu shiri.

"Rana? Wannan ranar ta Allah?"

"Ita fa. Ka ga ɗan baƙin gilashin nan a sama? Ta nan take shiga. Amma Baba, abin da za ka kula da shi shi ne..."

"Haka ne," in ji Ubale, ya riga ya sa shi a aljihu.

Hajara ta gan shi, ta duba maɓallan, ta yi hamdala. Ta danna bakwai sau takwas, ya ba ta hamsin da shida. Za ta sake dannawa uban ya karɓe.

"Ya isa. Kina ƙarar da ita."

"Me nake ƙararwa, Baba?"

"Ranar. Daga kanti ya fito, wa ya san yaushe rabonsa da ci? Sai an cika shi tukuna."

Washegari da hantsi na leƙa ta kan katanga sai na hangi faifai biyu a kan rufin ɗakin girki. Ɗaya barkonon Laraba ne, ɗaya kalkuleta. Ubale ya bar rumfa ya zauna a inuwa da 'yar sanda yana korar kaji. Can da azahar ya hau ya duba, sai ya tarar fuskar abin ta yi baƙi ƙirin.

"Ya ƙone," in ji Laraba. "Malam, ka gasa wa yarinya jarrabawa."

Ya kai shi inuwa kusa da randa yana yi masa fifita da hula. Zufa na karyo masa, don shi ma ya tsorata, ko da yake bai faɗa ba. Da abin ya huce sai fuskar ta washe, lambobi suka dawo. Da wani ne, da ya ɗauki darasi. Ubale ya share goshi ya ce, "Kun gani? Ƙoshi ya yi. Haka yake yi in ya cika." Ya sake shanya shi kwana biyu don ya danƙare, sannan ya wuce da shi rumfa ya kulle a akwatin kayan aiki.

Hajara ta roƙa da safe, ta roƙa da yamma. Ta ce hannunta na bukatar ya saba da maɓallan. Ya ce kowane dannawa rana ce ke fita, kuma ba za a shiga fagen fama da tulu rabi ba. A makaranta kalkuleta ɗaya ne, na Malam Jibrin, 'yan mata talatin ke karɓa-karɓa da shi. Da abin ya ishe ta sai ta kai ƙara wurin malamin. Shi kuma ya tako har rumfa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Ubale, ya tambayi aiki da iyali, sannan ya shiga bayani a hankali. Ya ce abin nan ba ya ajiye rana. Haske yake so a daidai lokacin da ake aiki da shi, ko na taga ma ya isa. In aka tare gilashin, ya mutu, in aka buɗe, ya tashi.

"Haka ne, Malam. Allah ya ƙara ilimi."

"To za a ba ta ta riƙa gwadawa?"

"In sha Allahu, da zarar na gama ɗan abin da nake yi masa."

Malam Jibrin baƙo ne a Dangora, shekararsa biyu kacal. Da ɗan gari ne da ya tambaya wane ɗan abu.

Ranar jarrabawa aka tashi da hadari, an yi yayyafi da asuba. Ubale ya sa rigar Juma'a, ya tura keke ya raka Hajara har ƙofar makaranta. Nan ne, a gaban sauran 'yan mata, ya zaro shi daga aljihu.

Gaskiya ɗaya ce, bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Jar fatar akuya ce mai laushi, da ado na kore a gefe, ɗinki biyu-biyu ƙanana kamar haƙoran ɓera. Kan maɓallai da fuskar lambobi ya shimfiɗa leda mai kauri garai-garai, ana gani ana dannawa. Sama kuwa, inda baƙin gilashin yake, ya ninka fata ya rufe ruf, har wurin ya ɗan yi tudu. Babu maɓallin buɗewa, babu igiya, ya ɗinke shi ciki ko ta ina.

Hajara ta danna. Ba komai. Ta sake dannawa.

"Baba, ka rufe masa ido."

"Baki ne, ba ido ba. In kin cika tulu ba kya rufewa? Kwana uku na yi ina ɗura masa, in bar shi a buɗe ta tsiyaye?"

"Ba ya kawowa, Baba."

"Sanyin safiya ne. Shiga, zai kawo."

Aka buga ƙararrawa. Ta juya ta bi layi.

Mai kula da jarrabawar wata mace ce da aka turo daga wani gari, Malama Salamatu. Tana tsaye a bakin ƙofa tana duba abin da kowace yarinya ta riƙo. Da ta zo kan Hajara sai ta ɗaga abin sama ta juya shi.

"Wannan fa? Zabira ce?"

"Kalkuleta ne, Malama."

"Cire masa rigar. Ba a shiga da abin da zai iya ɓoye takarda."

Hajara ta ciro rezar feƙe fensir ta sa wa ɗinkin. Reza ta karye biyu. Aka ara mata wata, ita ma ta dakushe a kan ɗinki na uku. A ciki an fara raba takardu. Malam Jibrin, da ke tsaye a baranda don ba a yarda ya shiga ba, ya ruga ƙofar makaranta ya zo da Ubale.

Ubale ya gaida Malama Salamatu gaisuwa cikakkiya, har da tambayar hanya. Ta amsa a taƙaice ta miƙa masa. Malam Jibrin ya kawo almakashi daga ofis. Ubale ya janye hannu.

"A'a, Malam. Ba a sa wa wannan fatar almakashi. Warwarewa ake yi."

Ya zauna a daɓen baranda, ya zaro basilla daga hula, ya fara zare ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Ɗinki biyu-biyu ne, kowanne da ƙulli. Daga cikin ɗakin ba ka jin komai sai ƙarar buɗe shafi.

"Baba, don Allah," in ji Hajara.

"Gaggawa ke ɓata aiki, Auta."

"Dattijo," in ji Malama Salamatu tana duban agogon hannunta, "minti goma sha biyar sun tafi. In rabin awa ta cika ba ta zauna ba, ba ni da ikon barinta ta shiga. Ba ni na kafa dokar ba."

Hannunsa ya ɗan ƙara sauri, kaɗan dai. Da ya kai ninkin nan na sama ya ɗaga fatar, abu biyu suka faru tare. Sifili ya bayyana a fuskar kalkuleta, tas, ko da yake rana na bayan gajimare. Wata 'yar takarda kuma, ninkakkiya kamar ƙwayar gyaɗa, ta faɗo ƙasa.

Malama Salamatu ta riga kowa ɗauka.

"Kada ki buɗe, Malama," in ji Ubale ya miƙe. "Laya ce. Wurin limaminmu na karɓo, ta buɗin ƙwaƙwalwa. In aka buɗe ta lalace."

"Takarda mai rubutu a cikin kayan ɗaliba. Ko in ga abin da ke ciki, ko in rubuta cewa an kama ta da takarda. In na rubuta haka, ba lissafi kaɗai za a soke mata ba. Zaɓi ɗaya."

Ubale ya buɗe baki. Na tabbata "haka ne" ce ta taho, don ita ce ke zuwa masa ko yaushe. Amma a nan babu inda zai faɗe ta ya juya ya yi nasa, matar na tsaye da takardar a hannu. Ya dubi Hajara. Ba kuka take ba, ta dai ɗauki kalkuletan ta ƙanƙame a ƙirji.

"Buɗe," ya ce.

Ta warware. Hatimi ne, gida-gida kamar na wasan dara, kowane gida da lamba a ciki da tawadar allo. Malam Jibrin ya dafe kai. Duk duniya a rasa abin da za a samu a jikin mai jarrabawar lissafi sai jadawalin lambobi.

Malama Salamatu ta daɗe tana dubawa. Sannan ta yi ajiyar zuciya.

"Kakata ta ɗinka min irinta a gefen ɗankwali lokacin tawa jarrabawar. Allah ya taimake ka ni aka turo, ba wanda bai san ta ba." Ta miƙa masa takardar. "Riƙe kayanka, da fatarka. Ke kuma wuce ki zauna kusa da taga. Minti ashirin da biyar sun tafi, ba kuma zan ƙara miki ko ɗaya ba."

Hajara ta shige ba ta waiwayo ba.

Ubale ya koma gindin darbejiyar bakin ƙofa ya zauna, rigar kalkuletan a kan gwiwarsa. Malam Jibrin ya biyo shi, ransa a ɓace.

"Baba, ban gaya maka ba? Ban zo har rumfa na gaya maka ba?"

"Ka faɗa, Malam."

"To me ya sa?"

Ubale ya shafa fatar. "Ai ka ga da na buɗe, nan take ya kawo. Da ban cika shi ba, a wannan hadarin me zai ci?"

Malam Jibrin ya dube shi, ya dubi sama, ya koma baranda.

Da aka tashi Hajara ta fito ta wuce uban, ta kama hanyar gida a ƙasa, yana biye yana tura keke. A gida ta gaya wa uwarta cewa tambaya biyu na ƙarshe ko karanta su ba ta samu yi ba, kuma sau uku tana laluben maɓalli don hannunta bai san wurinsa ba. Laraba ba ta yi faɗa ba. Kwana huɗu dai Ubale yana cin tuwo da miyar da ba gishiri, ya kuma san bai kamata ya tambaya ba.

Wata huɗu aka yi ana jira. Hajara ta rage magana, in ya shigo ta gaishe shi ta tashi. Shi kuma ya daina zuwa hirar bayan la'asar, don duk wanda ya zo da rediyo sai ya tambaye shi ko a shanya shi tukuna.

Ranar da sakamako ya fito, ita kaɗai ta je makaranta. Ta dawo ta same shi a rumfa yana huda fata, ta durƙusa ta ajiye 'yar takardar a gabansa. Bai iya karatun boko ba, amma ya san lambobi.

"Wanne ne lissafin?"

Ta nuna masa.

"Shida. To, shidan nan, daga sama ake ƙirgawa ko daga ƙasa?"

"Ita ce ta ƙarshe a kiredit, Baba. Da ta zama bakwai, shi ke nan."

"Amma za su karɓa a Kano?"

"Za su karɓa."

Ya ajiye basilla. Ya ɗauki takardar ya riƙe ta da hannu biyu, ya daɗe yana kallon lambar.

"Tambaya biyun nan da ba ki kai ba," ya ce, bai ɗago ba, "kin san amsarsu?"

"Na duba daga baya. Na sani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya miƙa mata takardar ya ce ta je ta nuna wa uwarta, ta kuma gaya mata ta kama jan zakaran nan kafin ya fita yawo.